Jif Ɗin Baba da Na Ɗauko Daga Fatakwal

Talata: Inugu zuwa Anacha

Ƙarfe biyar da kwata na asuba na fita daga gidanmu na unguwar Hausawa a Inugu, cikin daminar 1974, da kuɗi ɗaure a ƙuguna. Yaya Sani ya rako ni har tasha yana nanata abin da ya faɗa mini jiya da shekaranjiya.

"Bala, akori-kura na aike ka saye, wadda za ta ɗauki albasa. Abin da ke ƙugunka shi ne duk abin da muka tara tun dawowarmu. Waccan motar, in ranka na so ka je ka gan ta. Gani kawai."

Waccan motar ita ce tsohuwar jif ɗin Baba, motar daji mai jan ƙafa huɗu. Da tashin hankalin nan ya zo kafin yaƙin basasa, Baba yana Fatakwal, ya bar ta ya faɗa jirgin ƙasa daga shi sai rigar jikinsa. A Kano ya rasu bai ƙara ganinta ba. Bayan yaƙi muka dawo Inugu tare da Inna, wadda yanzu idonta ya yi rauni. Kwanakin baya Alhaji Ɗanladi, abokin Baba mai sayar da wake a kasuwar Creek Road ta Fatakwal, ya aiko cewa ya ga motar a hannun wani mai farfasa motoci. Ba mu gaya wa Inna ba.

Na biya naira biyu na shiga ƙaramar bas. Muka hau dutsen Miliken a hankali, muka bi ta Oka. Shingen soja uku muka tarar, ko'ina sai a leƙo, a ce "wetin you carry," direba ya yi dariya, a ɗaga katako. Mil sittin da wani abu ne, amma sai sha ɗaya saura muka shiga Anacha.

A Head Bridge, tashar bakin gada, na nemi Malam Isa bakanike, wanda Yaya ya ce in ɗauka ya duba mini akori-kura. Gajeren mutum ne, maganarsa ma gajera. Da na tambaye shi ina kayan aikinsa, sai ya nuna mini wata ƙaramar guduma a aljihunsa. Na kwana a rumfar 'yan albasarmu a kasuwar Ose, na ci tuwon shinkafa na kwabo talatin da miyar da barkono ya fi komai yawa a cikinta.

Laraba: Anacha zuwa Fatakwal

Mun tashi shida daidai, muka karya kumallo a Oweri da burodi da shayi. Daga nan sai tankokin mai da manyan motocin kamfanoni suka cika hanya, har muka shiga Fatakwal ƙarfe biyu da rabi. Garin ya cika ya batse. Kowa sauri yake, kuma rabin motocin da ke titi sababbi ne fil.

Alhaji Ɗanladi ya karɓe mu da gaisuwa irin ta manya, bai bar kowa a gidanmu ba sai da ya tambaya. Bayan la'asar ya kai mu wani fili a bakin ruwa. Tun daga nesa na gane ta. An shafe ta da koren fenti irin na soja, amma ga kejin ƙarfen da Baba ya sa aka ƙera mata a sama. Na ɗaga kujerar gaba, sai ga sunana da na zana da ƙusa ina ɗan firamare, wanda na sha mari a kansa. Na sunkuya na yi kamar taya nake dubawa.

Mai filin, Oga Amadi, ya ce a gwanjo ya saye ta, kuma mako mai zuwa zai farfasa ta ya sayar da kayan. Ya tayar da ita. Ta yi tari sau biyu ta kama.

"Mallam, dis motor get one law," in ji shi, wato tana da doka guda. "Before you off am..."

"Sai an taka totur sau biyu," na ce, "in ba haka ba gobe ba za ta tashi ba."

Ya tsaya yana kallona. Haka Baba ke yi kullum in ya dawo gida, duk layinmu sun san wannan ƙarar.

Malam Isa ko kallon injin bai yi ba. Ya tuɓe riga ya shige ƙarƙashi, yana ƙwanƙwasa ƙarfen da motar ke zaune a kai. Daga gaba sautin na fita tangaran. Da ya je baya sai muka ji wani luf, tsatsa ta zubo masa a fuska. Ya fito yana tofar da yawu.

"Iskar gishirin garin nan ta cinye ta," in ji shi. "Inji da rai, ƙashin baya babu. Buhu biyar ka ɗora mata za ta rabe. Ga shan mai. Ga sitiyarinta a dama, tun kafin a canja hannu aka yi ta. Malam Bala, in kasuwanci ka zo yi, mu tafi."

Gaskiya ya faɗa, ni ma na sani. Na juya ga Alhaji ko zai taimake ni da wata magana, ya ce, "Ɗana, ni gani na ce ka zo ka yi."

Alhamis: Ciniki

Da safe muka je muka ga akori-kura guda biyu. Ɗaya ta ci jarrabawar guduma sarai, kuɗina kuma sun kai. Na ce wa mai ita zan dawo. Ƙafata sai ta kai ni bakin ruwa, inda na tarar an riga an cire wa jif fitila guda an sayar. Wannan fitilar ce ta gama da ni. Oga Amadi ya ce ɗari shida, muka sha fama har muka tsaya a ɗari huɗu da hamsin. Abin da ya rage a ƙuguna ba zai sayi akori-kura ba, ko ta wahala.

Malam Isa ya ɗaure lagireto da waya, ya zuba man birki, ya sayo jarka biyu ya cika da ruwa.

Juma'a: Fatakwal zuwa Anacha

Shida da rabi muka kama hanya. Ba mu yi mil goma ba na gane abin da Malam Isa ke nufi da sitiyari. Ina zaune ta gefen daji, in babbar mota ta shiga gabana ba na ganin mai zuwa. Shi ya zama idona. Sai ya leƙa ya ce, "Fita!" Ina fita ya ce, "Koma, koma!" Haka muka yini, har muryarsa ta dushe. Sau huɗu muka tsaya muka ba ta ruwa, sau biyu muka sha mai. A wani shinge soja ya zo wajen Malam Isa yana neman lasin, ya duba ya ga ba sitiyari a gabansa, dariya ta kama shi ya ce mu wuce.

Bayan Ihiala ruwa ya cinye kwalbati, an karkatar da motoci ta cikin wata gona. Sababbin motoci bakwai na ƙirga sun kafe a laka, masu su da kwat da takalma suna turi. Na sa giyar da ke jan ƙafa huɗu, tsohuwa ta ratsa ta gefensu kamar tana kan kwalta. Har na ɗaura igiya na jawo wani ma'aikacin kamfanin mai da matarsa. Na kalli Malam Isa ina murmushi.

"Na gani," in ji shi. "Kullum laka za ka riƙa nema ka shiga?"

Mun isa Anacha ana kiran magariba. 'Yan Ose suka kewaye motar, wani ya tambaya ko da ita aka yi yaƙin ko a cikinta aka yi shi.

Asabar: Anacha zuwa gida

Malam Isa ya ƙi barina in tafi ni kaɗai, wai ba zai bar makaho da gangaren Miliken ba. Mun tashi ƙarfe bakwai. Tun daga Oka nake haɗa maganar da zan gaya wa Yaya, ina rushewa. A gangaren dutsen birki ya yi laushi, muka sauko da giya ɗaya, Malam Isa riƙe da ƙofa yana salati. Ƙarfe ɗaya da minti goma na shiga layinmu.

Yaya na zaune a ƙofar gida. Ya miƙe, ya dubi motar daga fitilar da babu har zuwa bayanta da ya karkace, fuskarsa ta haɗe.

"Bala, ina akori-kurar?"

Na taka totur sau biyu na kashe ta, don kada ta ƙi tashi gobe.

Sai muka ji faɗuwar kwano a cikin gida. Inna ta fito tana laluben bango, ba ko mayafi, abin da ban taɓa gani ta yi ba. Ta tsaya a bakin zaure tana kallon inda ƙarar ta fito.

"A ɗora ruwa," ta ce. "Alhaji ya dawo." Haka take kiran Baba.

Ba wanda ya motsa. Ita da kanta ta tuna cewa ya rasu. Ta tako a hankali har ta dafa ƙofar motar, ta shafa ta, ta daɗe hannunta na wurin. Sannan ta ce, "Wane ne ya je ya ɗauko ta?"

Yaya ya ce, "Mu ne, Inna."

Wanda ya tambaye ni ko sayen tsohuwar motar daji dabara ce, zan ce masa a'a, ya kuma tafi da mai guduma ya ji maganarsa. A wannan shekarar albasarmu a motar haya ta yi ta zuwa, ribar ta tafi a kuɗin dako, walda kuma ta cinye abin da ya saura. Yaya ya yi wata biyu ba ya ba ni ajiyar ko kwabo, ban kuma ga laifinsa ba.

Na gode wa Allah da ya dawo da mu lafiya, na gode wa Alhaji Ɗanladi da Malam Isa. Motar tana ƙofar gida har yau. Kowace Juma'a Yaya ne ke karɓar makulli ya kai Inna gaishe-gaishe, in sun dawo ya taka totur sau biyu kafin ya kashe.