Kakana Ba Shi da Tsaga

Shekarar da aka ƙaddamar da shari'a a jiharmu, ina koyarwa a wata firamare a Zango. Gari ya ɗauki ɗumi, kowa maganar gyara yake yi. A unguwarmu aka kafa kwamitin masallaci, aikinsu na farko kuwa shi ne naɗa na'ibi, don limaminmu ya tsufa, fitowa ta fara gagararsa. Kowa ya ɗauka mahaifina za a ba. Tun ina yaro shi ke jan salla duk ranar da liman bai fito ba.

A wurin taron ne wani Alhaji mai fataucin shanu ya gyara zama, ya ce, "Malam, karatu kam kana da shi. Amma yanzu zamani ne na bin ƙa'ida. Ka faɗa wa jama'a, wane ne ya haifi mahaifinka?"

Baba ya miƙe. Ya sa takalmansa ya dawo gida.

Ƙanena ya tashi hankalinsa. "Yaya, wannan ƙazafi ne! Mu kai shi gaban alƙali, a zane shi."

Na ce ya dakata. Alhajin yana da wayo, tambaya ya yi, bai furta komai ba. Abin da ya fi cin raina shi ne ni ma ban san amsar ba. Na dai san kakana ya rasu ina aji uku, kuma fuskarsa fes take, babu tsaga ko ɗaya, alhali duk sa'o'insa kana ganin kumatunsu ka san gidan da suka fito.

Na tambayi Baba. Ya ce, "Ni ma sau ɗaya na taɓa tambayarsa. Ya ce in je in ba jaki ruwa. Ban ƙara ba."

Da aka yi hutu na hau mota zuwa Kaduna, gidan da ake ajiye takardun zamanin Turawa, ko zan ga inda aka rubuta asalin gidanmu. Kwana uku ina buɗe tsofaffin fayil-fayil, ina atishawa. Na sami rahoton wani Bature da ya yi rangadin ƙasarmu. Ya rubuta rijiyoyi, da kasuwanni, da irin geron da ake nomawa, har da lafiyar jakuna. Mutanen da yunwa ta koro daga arewa, ƙasar da Faransa ke mulka kuwa, a layi guda ya gama da su. Ba suna, ba gari. Na rufe fayil ɗin na miƙa wa ma'aikacin, na yi masa godiya.

Sai na tuna da Gwaggo, yayar Baba, wadda ke aure a wani ƙauye bayan Baure. Na ari babur na tafi, damina ce, sau biyu ina sauka ina turawa. Na same ta tana ɓarar gyaɗa a ƙofar ɗakinta.

Bayan mun gaisa na faɗi abin da ya kawo ni. Ta dube ni. "Ubanka ne ya aiko ka?"

"A'a, Gwaggo, ni na kawo kaina."

"To zauna, ka sa hannu a gyaɗar nan."

Ta ce a shekarar yunwa wata mata ta shigo garinmu daga arewa, da goyo, ƙafafunta a kumbure. Mai gari ya ba ta ɗaki. Matar ta ce Faransawa sun tafi da mijinta aikin tilas, bai dawo ba. Amma ba ta da ruwan nono, da na akuya ta shayar da jaririn. Daga nan mata suka fara cewa ba ita ta haife shi ba, tsintarsa ta yi a hanya kusa da gawar uwarsa. Wasu suka ce ɗan wani soja ne. Da wanzami ya zo ya tambayi irin tsagar gidan ubansa, sai ta ce, "Ku bar masa fuskarsa." Wannan jaririn shi ne kakana.

"Ke ba ki taɓa tambayarta ba, Gwaggo?"

"Na tambaya mana. Ina budurwa, ina yi mata tsifa. Ta ce, 'Na goyo shi tun daga can a ƙafa, mutane na faɗuwa a gabana, ban sauke shi ba. Mai son ƙarin bayani ya je ya tambayi hanya.'"

Ranar Asabar bayan la'asar, mutane na zaune a kan tabarmi a ƙofar masallaci, na miƙe. Ban nemi izinin Baba ba, na san zai hana. Na faɗi duka, har da maganar sojan, ban rage komai ba. Sannan na juya wajen Alhaji.

"Alhaji, ka yi tambaya, na je na nemo. Ban san wanda ya haifi kakana ba. Turawa ba su rubuta ba, wadda ta sani ta rasu. Idan kai ka sani, ga jama'a, faɗi, ka kawo shaidunka. Idan ba ka sani ba, to mun zama ɗaya. Mu dai daga matar nan muke farawa, kuma ba ma jin kunyarta."

Ya ce shi ba da wata manufa ya yi magana ba. Na ce na ji.

Na'ibin dai wani aka ba. Baba ya yi kwana biyu ba ya amsa gaisuwata, a rana ta uku ya ce in maimaita masa abin da Gwaggo ta faɗa, a hankali, yana sauraro idonsa a ƙasa.

Bayan wata guda wani mutum ya tare ni a hanyar makaranta, ya ja ni gefe. Ɗan wan Alhajin ne. Ya yi ƙasa da murya ya ce kakarsu ma an ce daga arewa aka kawo ta, ba wanda ke son a yi maganar. Yana so ya san motar da ake hawa zuwa gidan takardun nan.

Na kwatanta masa. Na ce amma ya fara da tsofaffin matan gidansu tun suna da rai.