Alhaji Lawan Mai Albasa, Ciyaman ɗin da Yake Tsara Aiki a Cikin Kanal

Ina aji shida ina koyar da lissafi, da hantsi, sai muka ji ƙarar ruwa. An yi makonni da rufe kanal, wato babbar hanyar ruwan noman rani da ta bi ta bayan makarantarmu, don a yashe ta. Yara suka ɗaga kai gaba ɗaya, ɗaya daga cikinsu ya ce, "Malam, an saki ruwa!" Ban kai ga tsawata musu ba sai ga ɗan acaɓa ya tsaya a ƙofar aji, ko mashin bai kashe ba. Ya ce, "Malam Nasiru, Allah ya yi wa Alhaji Lawan rasuwa. Yanzun nan aka same shi a gona." Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na tsaya da alli a hannu, na kasa ajiye shi, ruwan kuwa sai ƙara ƙarfi yake yi a bayan katanga.

A zaune aka same shi, ya jingina da gindin mangwaro a bakin gonarsa ta albasa, carbi a hannu, fuskarsa na kallon kanal. Masu yi masa aiki sun ɗauka gyangyaɗi yake yi. Sai da ruwan farko ya shigo fangalin albasar ya jiƙa masa ƙafa bai motsa ba, sannan suka je kansa.

Alhaji Lawan Mai Albasa shi ne kansilan mazaɓarmu, kuma shugaban kwamitin sa ido na majalisar kansiloli. Aikin wannan kwamiti shi ne bin diddigin ayyukan ƙaramar hukuma: ya kira shugabannin sassa, ya tambaye su ina aka kwana, ya je ya gani da idonsa. Ni ba kansila ba ne. Alhaji Lawan ne ya sa aka riƙa gayyatata zama a madadin malamai da iyayen yara. Abokin mahaifina ne tun suna samari, don haka Baba nake ce masa, shi kuma har ya koma ga Allah bai daina ce mini Malam Ƙarami ba, ko da a gaban ɗalibaina ne.

Mutum ne mai taƙaita magana. Idan manomi ya zo da ƙorafi, kafin ya saurare shi sai ya tambayi inda gonarsa take, a kan ruwa ko a wutsiya, wato can ƙarshen kanal. Yakan ce, "Na wutsiyar ruwa shi ya san gaskiyar ruwa." Na taɓa ganin ya bar shinkafarsa da ƙishi a ranar da rabon ruwa ya zo kansa, saboda wata bazawara da ke ƙasa da shi tumatirinta ya fara lanƙwasa. Bai gaya wa kowa ba. A bakin matar na ji, ranar zaman makoki.

Abin da aka fi saninsa da shi kuwa shi ne yadda yake tsara wa kwamitinsa aikin shekara. Sauran kwamitoci a sakatariya suke zama, ƙarƙashin fanka. Shi sai ya jira an rufe ruwa, tsakanin girbin shinkafar damina da dashen rani, sannan ya tara 'yan kwamiti ya ce kowa ya naɗe ƙafar wando. Mu sauka cikin kanal ɗin da kanta, mu taka daga wutsiya zuwa sama. Abin da muka tarar a ƙasa shi zai nuna abin da za a sa a gaba: inda siminti ya tsage, inda ciyawar kacala ta toshe hanya, inda wani ya fasa gefe yana satar ruwa, inda kwatar gari ke zubowa cikin ruwan da mutane ke alwala da shi. Yakan ce, "Ruwa mai rufa wa malalaci asiri ne. In kana son sanin aikin hukuma, bari sai an ɗauke shi." Kuma ba ya yarda a ɗauki abu da yawa. "Kwamitin da ya ɗauki kaya goma, ko ɗaya ba zai kai gida ba."

Wanda bai taɓa shiga kanal bayan an rufe ruwa ba, ba zai gane irin shirun wurin ba. Mu da muka tashi da ƙarar ruwan nan a kunne ba ma jin ta sai ranar da ta ɗauke. A can ƙasa bango ya fi ƙarfin tsayin mutum, ba ka ganin gona, ba ka ganin gari, sai sama. Muryarka ma dawo maka take yi kamar ta wani.

A tsallaken kanal akwai rugar Ardo Buba, wadda muke kira Ƙetare. Da ƙyar da lallami na samu suka ba ni 'ya'yansu a makaranta, na yi shekaru ina zarya. Hanyar da ta fi kusa ita ce wani bututun ƙarfe da ya gitta kanal, faɗinsa bai fi tafin ƙafa biyu ba. Ta kansa yaran suke bi, safe da rana. An daɗe da amincewa za a yi musu gadar ƙafa a wurin, magana ta shiga sashen ayyuka ta kwanta. Bara, cikin rani, jikar Ardo mai suna Dije, ɗalibata a aji uku, ta zame a kan bututun. Yarinya ce mai kaifin kai, ta iya karatu tun kafin sa'o'inta. An bi ruwa har inda yake nutsewa cikin kwalbati ya bi ta ƙarƙashin titi, an tare ta ɗaya gefen, ba a same ta ba. Washegari Ardo ya janye yaran Ƙetare kaf.

Baba ne ya je ya dawo da su. Shi jinin Barebari ne, saboda haka tsakaninsa da Ardo akwai wasa, amma ranar bai yi wasa ba. Ya ce masa, "Ka ba ni yaran nan amana. Gadar nan ita ce farkon abin da kwamitina zai bi, kuma ba zan sake ta ba." A kan wannan magana tasa kaɗai Ardo ya yarda.

Tafiyarmu ta ƙarshe da shi a cikin kanal, bana ce, ana saura kwanaki kaɗan a saki ruwa. Ya gayyaci Ardo ya biyo mu. Da muka sauka, Kansila Sabo, mataimakinsa, matashi ɗan kasuwar shinkafa mai son raha, ya dubi takalminsa da ya nutse a laka ya ce, "Ranka ya daɗe, wai mu kwamitin sa ido ne ko masunta? In tarwaɗa za mu kama a faɗa mana mu zo da ƙwarya."

Baba ya ce, "Taka dai, Sabo. Ga Bafillace can ko takalmi babu bai yi ƙorafi ba."

Ardo ya ce, "Ni na saba bin shanu. Yau dai Allah ya sa ina bin Babarbare, ban san wanne ya fi wuyar kiwo ba."

Aka yi dariya. Sabo yana tafe yana kawo hujjarsa: shi a ganinsa rumfunan kasuwa da rabon taki ya kamata a fara bi, don su ne mutane ke gani, su ne kuma za a tambaye su a kai ranar zaɓe. Ƙetare gida nawa ne? Ba mugunta ce ta sa shi faɗin haka ba, lissafin siyasa ne, kuma da yawa cikin 'yan kwamitin suna tare da shi. Baba ya ci gaba da tafiya.

Da muka wuce ƙarƙashin bututun muka doshi kwalbatin titi, sai raha ta ƙare ba tare da kowa ya ce a daina ba. Rana tsaka ce, amma bakin kwalbatin baƙi ƙirin, wani sanyi na fitowa daga ciki mai warin laka. A nan duk abin da ruwa ya kwaso cikin shekara yake taruwa. Muka ga tsummoki, da ƙasusuwan akuya, da guntun allo. Muka ga silifas na yara, wari-wari, sun kafe a laka, ba wanda yake da ɗan'uwansa. Na san yara kan yar da takalmi a ruwa kullum, na kuma faɗa wa kaina haka. Amma Ardo ya tsuguna, ya zaro wani ɗan kore wanda aka ɗaure maɗaurinsa da zaren buhu, ya goge shi da bakin rigarsa, ya sa a aljihu. Ba wanda ya tambaye shi ko na waye.

Sai Sabo ya nuna ƙasa da yatsa. A kan lakar da ba ta gama bushewa ba akwai sawun ƙafar yaro, ƙanana, sabbi, sun miƙe sun shiga cikin kwalbatin. Muka duba ko'ina, ba mu ga inda suka fito ba. Na ce wataƙila masu kamun kifi ne suka shiga ta nan suka ɓulle ta can. Sabo ya haura titi ya leƙa ɗaya bakin, ya dawo yana share gumi, ya ce can ɗin kacala ta rufe shi ruf, ko kaza ba za ta ratsa ba. Muka yi kira, muka haska tocila. Ba kowa a ciki. A garin ma ba wanda ya ce ɗansa ya ɓata, ranar ko bayanta. Ni malamin makaranta ne, ina hana yara camfi, kuma har yau ina cewa akwai bayanin da ban gano ba. Abin da na gani ke nan dai.

Baba ya daɗe a tsaye yana kallon ramin, kansa a karkace kamar mai sauraro. Can ya ce, "Kun ji ruwa?" Ba wanda ya ji komai. Ya ce, "To, ni na ji. Mu yi abin da ya kawo mu."

A nan tsaye ya raba aikin shekara. Gada ita ce ta farko, a kira shugaban sashen ayyuka a zaman farko. Taki na Sabo ne, kafin faɗuwar damina. Kwatar da ke zuba a kanal ya ba wani kansila, ni kuma ya ce in riƙa kawo wa kwamiti labarin yaran Ƙetare kowane zama. Sabo ya ce, "Ciyaman, ka raba wa kowa, kai fa? Ko hutu za ka tafi?" Ya yi murmushi ya ce, "Ni nawa iyakarsa nan." Sannan ya dafa kafaɗata ya ce, "Malam Ƙarami, in an saki ruwa ka tsaya wa yaran Ƙetare." Ba na cewa ya san gaibu, Allah kaɗai ya san gaibu. Mutum ne da shekaru suka ja, wataƙila jikinsa ya faɗa masa abin da bai faɗa mana ba.

Ba a kai ga zaman da za a tabbatar da tsarin a sakatariya ba ya rasu. Ranar sadakar uku Ardo ya zo gaisuwa, ya zauna kusa da ni a tabarma, ya ce a hankali, "Malam, wanda na ba amana ya tafi. Yanzu a hannun wa take?" Washegari bencin yaran Ƙetare ya wayi gari ba kowa.

Da kwamiti ya zauna, Sabo ne a kujerar shugaba, kuma na shiga da fargaba, don na san ra'ayinsa. Wani ya fara kawo maganar rumfunan kasuwa, tunda mai gadar ba ya nan. Sabo ya katse shi. Ya ce, "Kai ba ka haura titin nan ka leƙa ba, ni na leƙa. Gada ce ta farko. Ba za mu taɓa komai ba sai mun ji ranar da za a kafa ta." Aka kira shugaban sashen ayyuka, aka tsare shi da tambaya har ya yi alkawari a gaban kowa. Sai dai ya faɗi wata gaskiya mai ɗaci: ba a iya kafa ginshiƙi ruwa na gudu, sai an sake rufewa, wato baɗi.

Ni da Sabo muka je Ƙetare muka gaya wa Ardo yadda aka yi, ba ƙari ba ragi. Ya ce bututu dai an gama da shi har abada. Amma tun daga makon nan, kullum shi da kansa yake jagorantar yaran ta doguwar hanya, su zagaya ta titi, yana gaba da sandarsa suna biye. Sukan iso a makare, ƙafafu duk raɓa. Na roƙi hedimasta aka mayar da darasin karatu bayan ƙarfe tara saboda su. Shekara guda Ardo ya ba mu, ya kuma faɗa mana haka a fili. Ina roƙon duk kansilan da ya karanta wannan ya san cewa maganar mamaci ce a wuyanmu.

Ya Allah, bawanka Lawan ya zo gare ka, ba shi da abin dogaro sai rahamarka. Ka gafarta masa, ka yalwata masa kabarinsa, ka sanyaya masa makwanci, ka shayar da shi daga tafkin Annabinka, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Ka ba matarsa Hajiya da 'ya'yansa da jikokinsa haƙurin rashinsa, ka zama gatansu. Ka sa Dije ta zama mai ceton iyayenta. Mu da aka bar wa aikin, ka ba mu ikon cika shi kafin namu lokacin ya zo, ka sa mu cika da imani. Amin.