Desmond, Abokin Rawar Marasa Aboki

Kullum kafin shayin la'asar, Desmond Harbottle zai goge takalmansa har su yi ƙyalli, ya sa baƙar kwat, ya shigo zauren rawa na jirgin ruwanmu mai zirga-zirga tsakanin Southampton da New York. Aikinsa ya yi rawa da duk matar da ta zo ita kaɗai. Ni nake kaɗa fiyano a zauren, na daɗe ina kallonsa. Ba ruwansa da kyan fuska ko sarƙar wuya. Ƙarƙashin tebur yake dubawa, duk ƙafar da ya ga tana bin kiɗa, can zai nufa.

Nakan tsokane shi, "Tsoho, gwiwar nan taka ta fi gangarmu ƙara."

"Kai dai rage gudu, ɗan Liverpool," in ji shi. "Ba ɓarawo muka biyo ba."

A wata tafiya muka ɗauko Madam Enid Rossiter da mijinta Cyril, wanda shanyewar ɓarin jiki ta zaunar a keken guragu. A irin wannan zaure suka fara haɗuwa, kuma likita ya faɗa musu wannan ce tafiyarsu ta ƙarshe. Kullum suna bakin filin rawa, shayinsu na hucewa. Desmond ya miƙa mata hannu, ta ƙi.

"Ka yi haƙuri, bawan Allah. Ban taɓa rawa da kowa ba sai mutumin nan, ba kuma zan fara a gaban idonsa ba."

Ana gobe za mu sauka, Desmond ya raɗa mini in kaɗa a hankali. Ya je ya durƙusa gaban Cyril.

"Yallaɓai, ƙafarka mai lafiya ta tona maka asiri. Riƙe hannun matarka, sauran ka bar mini."

Ya koma bayan keken, ya duƙa don kada ya shiga tsakaninsu, yana juya shi daidai da kiɗa, da gwiwar nan tasa. Masu raba shayi da fararen safar hannunsu suka tsaya cak. Wallahi ni kaina hawaye ya hana ni ganin abin da nake kaɗawa.

Da aka tashi, Madam Enid ta zo ta yi wa makaɗa godiya, ba ta ko tambayi wanda ya tura keken ba. Abin ya ƙona mini rai, na je na faɗa wa Desmond yana zaune yana murza gwiwa.

"Ba ta gan ni ba? To madalla. Da mijinta ta yi rawa ke nan."

Desmond, a wannan watan ne ka ajiye aiki. Kai ne wanda ya tashi mutanen da aka manta a kan kujera, mun kuma gode ƙwarai. Ku samarin da za ku gaje shi, taka rawa kowa zai koya muku. Tsayawa a baya ita ce mai wuya, ku je Southampton ku tambaye shi tun yana da rai.