Shaidun Eriyar Yaya

Har yau idan na ga eriya tana lilo a kan mota sai in ji kunya ta rufe ni. Ni ne na ɓata wa yayana al'amarinsa, kuma ba da mugunta na yi ba. Da ilimi na yi, wanda ya fi ciwo.

Lokacin ƙasar nan tana amsa sunan Dahome, ba a daɗe da samun mulkin kai ba. Ina aikin komi a tashar jirgin ƙasa ta Paraku, wato ɗan akawu mai buga takardu. Duk gidanmu ni kaɗai na yi lakwal, wato makarantar boko, har nake jin Faransanci, don haka kaina ya fi ƙarfin hulata. Yaya kuwa yana da ɗan shagon gyaran rediyo a bayan tashar manyan motoci, inda kayan jirgin Kwatano ke komawa kan kamiyo su nufi arewa.

Gidanmu gidan fatauci ne. Goro ya kawo kakanninmu, goro ya gina gidan, kuma Baba ya so ɗansa na fari ya gaje shi. Sai Yaya ya zaɓi wayoyi da dalma. Dama bisa al'ada uba yana kunyar ɗan fari, ba ya kiran sunansa, ba ya yabonsa a gaban mutane. To na Baba ya wuce kunya ya zama fushi. “Wancan mai wayoyin,” haka yake ce masa. Shekara tara bai taka ƙofar shagon ba. In hanya ta biyo da shi ta wajen, sai ya zagaya ta bayan masallaci, da ciwon gwiwarsa da komai. Wata rana a zaure ya ce, “Ranar da hukuma ta buga hatimi ta ce wannan wasan yaran sana'a ce, ni ma zan je in gani.” Na ga maganar ta zauna wa Yaya.

Ga abin da Yaya ya ƙera. Direbobinmu ba sa iya doguwar tafiya ba rediyo, suna son jin Hausar Kaduna da ta Yamai. A cikin kan mota kuwa rediyo ba ta kamawa, ƙarfe ya kewaye ta, sai an kafa mata eriya a sama. Eriyar kanti tana yi a kan babbar hanya. Amma a shiga hanyar Kolokonde ɗaukar doya, reshen ɗorawa na farko zai karya ta kamar tsinken tsintsiya. Yaya ya samo ƙarfen tsohuwar laima, ya dasa shi a kan sifirin ɗin sirdin keke, ya sa robar tsohuwar taya a ƙasa don kada ya taɓa jikin mota, ya ja waya zuwa ciki. Reshe ya zo, eriya ta sunkuya, reshe ya wuce, ta miƙe tana kaɗa kai. Direbobi suka sa mata suna mai ladabi. Wanda ya zo da kuɗi Yaya ya sa masa, wanda ya zo da doya ya sa masa, wanda ya zo da gaisuwa kawai shi ma ya sa masa.

Ni na jiyo labarin birebe daga bakin wani injiniyan jirgi. Takarda ce, in ji shi, da hukuma ke ba wanda ya ƙirƙiro sabon abu, da sunansa da hatimi. Ina jin hatimi na tuna maganar Baba. Ban ko tashi daga aiki ba na ruga shagon.

“Yaya, an gama! Hatimi ya samu.”

“Kai ɗan lakwal, ka dai bi a hankali,” in ji shi, bai ɗago daga rediyon da yake gyarawa ba.

Ina zan bi a hankali? Na aika Kwatano aka turo mini ɗan littafin ƙa'idoji. Na karanta shafi biyu na farko, sauran na ce surutun Faransawa ne, na jefa a aljihun tebur. Na buga bayani da Faransanci mai nauyi wanda ni ma da kyar nake gane shi, Yaya ya zana hoton eriyar, muka manna tambur na gidan waya muka aika. Bayan watanni amsa ta zo, cewa wani mai binciken irin waɗannan abubuwa zai yi rangadi arewa, zai tsaya ya ga abin da idonsa.

Nan na tafka ta. Na je wurin malaminmu na unguwa na tambaye shi yadda mutum ke tabbatar da cewa abu nasa ne. Ya ce da shaidu biyu adalai. Haka muka taso muka gani, ko jaki ake jayayya a kansa, ko rumfa a kasuwa, mai shaidu shi ke da gaskiya. Na ce a raina, biyu ai na talaka ne. Na bi tashar Paraku, na aika saƙo garin Jugu, na ce duk direban da ke da mai ladabi a kan motarsa ya hallara a tashar motar Jugu ranar kasuwa, ya wanke motarsa, ya zo da bakinsa. Na roƙi malam ya biyo mu don kowa ya ji tsoron Allah ya faɗi gaskiya.

Mai binciken ya sauka daga jirgi, siririn mutum ɗan kudu, da tabarau da kwat a wannan zafin, yana rungume da jakar takardu. Mutumin kirki ne, wallahi, ba ni da abin cewa a kansa. Ya shiga shagon ya juya eriyar, ya auna ta, ya lanƙwasa ta ya saki, ta dawo ta kusa tsole masa ido. Ya yi dariya ya ce da Yaya, “Wannan dabara ce.” Na fassara, har na ƙara gishiri.

Washegari muka hau kamiyo, shi da Yaya da malam a gaba, ni a baya a kan buhuna. Da muka kai Jugu ba mu shiga tasha ba, muka zarce hanyar Kolokonde don gwaji. Direban ya riƙa bi ƙarƙashin itatuwa da gangan, yana neman reshe kamar mai neman abokin faɗa. Mai ladabi tana sunkuyawa tana tashi, rediyo tana ta zuba labarai ba ta ko tari. Na leƙo ta taga na ga baƙon yana rubutu yana gyaɗa kai. Yaya kuwa fuskarsa ta washe yadda ban taɓa gani ba.

Sai muka juyo tashar Jugu.

Motoci ne jere reras, sun kai ashirin, kowace da eriyarta a sama tana sheƙi. Wani ma ya ɗaura wa tasa jan ƙyalle. Muna shiga suka danna ham gaba ɗaya. Na diro ina gyara wuyan riga, ina jiran yabo. Baƙon ya sauko ya cire tabarau, ya goge, ya mayar, ya sake duban motocin.

“Waɗannan duka irin tasa ce?” ya tambaye ni da Faransanci.

“Duka, Mushe. Kuma wasu suna kan hanya.” Mushe ita ce ranka ya daɗe a bakin Faransawa.

“Tun yaushe?”

“Yanzu za ka ji daga bakin masu su.”

Aka shimfiɗa tabarmi a inuwar ƙatuwar bishiyar mangwaro, aka kawo wa baƙo kujera, malam ya zauna a gefensa. Can baya na hango Baba a kan benci, ya ba mu rabin baya. Ya zo Jugu karɓar kayansa, kuma ya nuna wa kowa cewa lodin motarsa yake jira, ba ruwansa da taronmu.

Direba na farko ya tashi ya ce shekara biyu ke nan tana kan motarsa. Na biyu ya ce shi uku. Na uku, wani ƙaton Badande, mutumin ƙasar Dandi, ya ce ai shi har Yamai ya kai ta, makanikan can suka kwaikwaya, yanzu haka ana sayar da irinta a bakin kogi. Ina fassarawa ina hura hanci. Baƙon ya daina rubutu. Ya yafito ni da hannu, ya yi ƙasa da murya.

“Ka karanta littafin da aka aiko maka?”

“Na karanta, Mushe.”

“Har ƙarshe?”

Ya gane daga fuskata ban ƙarasa ba. Sai ya yi mini bayani a hankali, kamar mai gaya wa mutum rasuwa. Birebe na sabon abu ne. Dole ranar da aka shigar da takarda ya zama jama'a ba su riga sun san abin ba, ba a sayar ba, ba a baza shi a titi ba. Kowane shaida da ya tashi, ƙasa yake ƙara zubawa a kan takardar Yaya.

Na shiga uku!

Bawan Allah ya so ya taimake mu. Ya ce in tambaye su, ko dai gwaji kawai aka ba su, kwanan nan, bisa amana? Na juya na faɗa musu da Hausa, ina ƙifta ido, ina ɗaga gira, har fuskata ta gaji. Ina! Su a ganinsu baƙo yana shakkar Yaya ne, yana so ya ce abin bai jure hanya ba.

“Gwaji? Wane irin gwaji?” in ji ƙaton. “Ni da na yi damina uku da ita!”

Na juya ga baƙon na ce wata uku. Ashe ƙaton ya taɓa aikin soja, yana jin Faransanci. Ya ɗaga yatsu uku ya daka tsawa, “Trois ans, Monsieur!” wato shekara uku. Malam ya dube ni ya ce, “Kai, ka ji tsoron Allah, ka faɗi abin da aka faɗa.” Ni na kawo shi don ya tsare gaskiya, ga shi ya tsare ta a kaina.

Hayaniya ta kaure, kowa yana rantsuwa tasa ta fi daɗewa. Yaya ya jawo hannuna ya ce, “Me ke faruwa?” Na gaya masa a taƙaice. Bai zage ni ba, da ma ya zage ni. Ya dubi ƙasa kawai, sannan ya saci kallon bencin da Baba yake.

Bencin ba kowa. Baba yana tsaye a bayana da sandarsa.

“Kai, me baƙon nan yake nema?”

“Baba, so yake a ce abin bai daɗe ba.”

“Wato a yi ƙarya, a ce jiya aka fara?”

“Ba haka ba ne, Baba, dokar ce ta...”

“Rufe mini baki.” Ya waiga ya kira direbansa. “Je ka ɗauko abin nan da ke ƙarƙashin kujera.”

Direban ya tafi yana sosa ƙeya, ya dawo da wani abu a nannaɗe cikin buhu. Baba ya warware. Mai ladabi ce, tsohuwa, ta yi tsatsa, irin ta farkon nan da Yaya ya yi kafin ya iya gyara gindinta.

“Gaya masa,” in ji Baba, “shekara biyar ke nan. Na sa aka sayo mini ta hannun wani. In mun fita Paraku a ɗaura, in mun kusa shiga gari a kwance a ɓoye. Har Gwanja na je da ita, ba ta taɓa ba ni kunya ba. Duk waɗannan yaran a bayana suke.” Ya buga sanda a ƙasa. “Kuma ka gaya masa ɗana ne ya ƙera. Ɗana na fari. Wanda ke da ja ya zo ya same ni.”

Ban taɓa jin kalmar nan daga bakinsa ba, ba wanda ya taɓa ji. Na fassara. Baƙon ya rubuta shekara biyar, ya rufe jakarsa, ya tashi ya miƙa wa Yaya hannu biyu. Direbobi suka ɗauka mun ci nasara, suka sake danna ham. Yaya ya juya baya yana gyara wata eriya da ba abin da ya same ta.

A hanyar komawa ban yarda na haɗa ido da kowa ba. Sai da muka kusa gida na yi wa Baba bayanin cewa shaidarsa ce ta ƙarasa binne takardar. Ya ce, “To, dokar da shaida ke ɓata ta, su riƙe kayarsu.” Ya ƙara da cewa kuɗin lakwal ɗina da goro aka saya da su da an fi cin riba. Ban musa ba.

Takardar ƙi ta iso bayan wata biyu, da hatimi har biyu. A ciki an rubuta cewa abin sananne ne ga jama'a tun daga Paraku har Jugu. Baba ya karɓe ta ya adana, duk baƙon da ya zo zaure sai ya kira ni in karanta masa wannan layin, ban da sauran.

Amma tun kafin ta iso, kwana biyu da dawowarmu, ina shagon da hantsi ina ba Yaya haƙuri karo na goma, sai ƙofa ta yi duhu. Baba ne, da buhunsa a hammata. Ya yi sallama, ya dubi rufin, ya dubi tarkacen rediyoyi, ya ce wurin nan ko shara ba a yi. Sannan ya zauna a benci ya miƙa tsohuwar eriyar.

“Sifirin ɗin ya saki. A duba mini.”

Aikin minti goma ne, na sha ganin Yaya yana yinsa yana hira. Ya karɓa da hannu biyu, ya juya ta, ya daɗe yana dubawa.

“Baba, wannan sai an bi ta a hankali. Sai dai ka dawo gobe.”

Baba ya dawo gobe, aka ce jibi. Sati uku Yaya ya yi yana gyaran sifirin ɗin nan, kuma Baba bai taɓa tambayar me ya sa ba a gama ba.