Ruwan Zafin Inna

Tukunya ɗaya Inna take da ita wadda ta isa a kira ta tukunya. Ta ƙarfe ce, baƙa, mai faɗin baki, sai mutum biyu suke iya sauke ta daga murhu. A Yola Baba ya saya mata ita, a kan hanyarsu ta zuwa Garwa daga ƙauyensu na ƙasar Zariya, tun Faransawa suna mulki. Shi mahauci ne, ya ji labarin shanun bakin Binuwai, ya ɗauko amaryarsa ya taho. Ina ƙarama ya rasu, ya bar mana ɗaki biyu da tsakar gida da wannan tukunyar.

Da ita Inna ta rene ni. A ciki take suyar gyaɗa, ta daka, ta matse mai, ta kai tunkuza wa mahauta abokan Baba su haɗa labun da ake tsoma kilishi. Ƙuli kuma na masu tsire ne. Duk mahautan unguwarmu hannunta suka sani, kuma tana ji da wannan. Ta tsufa a Garwa amma Fulatancinta bai wuce na ciniki da na faɗa ba, shi ma na faɗan ya fi kyau. Gida kuwa ba ta sake taka shi ba. In na tambaye ta dalili sai ta ce wa zai kula da wuta.

Ni ce 'yar farinta, don haka ba ta kiran sunana. "Ke," ko "yarinyar nan," da su na girma. Ba ta wasa da ni a gaban mutane, ba ta yabona. Amma akwai labari guda da take ba ni ko ban tambaya ba, labarin haihuwata. Ta haife ni a garin da ba ta da uwa, ba ta da gwaggo. Wata maƙwabciya Bafillata ce ta yanke cibiya, ta dama mata kunu, ta koma harkarta. Babu wanda ya dafa mata ruwan jego.

"Da ruwan rijiya na yi wanka," take cewa. "Sanyi ya shiga jikina tun ran nan, bai fita ba."

Ciwon bayanta, sanyin ne. Ƙannena biyu da suka koma tun suna jarirai, za ta ce Allah ne ya karɓi abinsa, sannan ta ƙara da cewa da ta sami wanka da nononta ya yi musu ƙarfi. Na sha jin haushin wannan labarin, don kullum ji nake kamar ni ce na jawo.

Na yi aure a shekarun da Garwa take ta canja kama, shugaban ƙasa ɗan gari ne, kwalta da sababbin gine-gine ko'ina. Mijina direban babbar mota ne, yana ɗauko auduga daga wajen Tuboro. Tun ranar da Inna ta lura ina da ciki ta fara tara itace. Duk gyaɗar da ta soya sai ta rage wuta, ta ware gungume ɗaya ta jingine bayan ɗaki. Kafin cikina ya tsufa itacen ya kai tsayin katanga. Na dawo gabanta goyon ciki kamar yadda ake yi, na haifi 'ya mace a tsakiyar bazara.

Wanda bai san bazarar Garwa ba ba zai gane abin da nake nufi ba. Ko a inuwa kake zaune zufa ce ke bin bayanka. A cikin wannan zafin Inna ta wanke tukunyarta tas, ta cika ta da ruwa, ta hura mata wuta har ta tafasa. Safe da yamma take zaunar da ni a bayan gida, ta tsoma ganyen darbejiya a ruwan, ta dinga fyaɗa min a baya da ciki har fatata ta yi ja. In na yi ƙara ta ce in rufe mata baki, matan garinsu ba sa raki. Daga nan sai gadon ƙasa da ta sa aka gina, da garwashi a ƙarƙashinsa, sai ƙwarya cike da kunun kanwa. Ban taɓa ganinta cikin farin ciki irin na kwanakin nan ba. Har waƙa take yi a bakin murhu.

Tukunyar da ke dafa ruwa ba za ta soya gyaɗa ba, don haka sana'a ta tsaya cak. Ga Sallah ta matso, lokacin da masu kilishi suka fi bukatarta. Wata safiya sarkin fawa, aminin Baba, ya zo da kansa ya tsaya a zaure. Ina kwance ina jin su.

"Matar ɗan'uwana, yara sun ce kin kulle murhu."

"Sarki, jego nake yi. Sai mun yi arba'in."

"Arba'in? Sallar fa? Kin san akwai mai injin matse gyaɗa yanzu a can Rumde, tana ta aiko min. Ga man auduga na kamfani ya cika kasuwa, masu tsire sun fara komawa kansa. Don zumuncin marigayi nake riƙe miki wuri. Ki yi ko rabin yini ne."

"Ruwan ba ya jiran rabin yini," in ji Inna. "Ni ba a yi min ba. Ita za a yi mata."

Ya ce Allah ya raya, ya tafi. Na ce mata ta bar wankan yamma ta yi suya. Ta harare ni ta ce lekol ɗin da na yi, wato boko, bai koya min sanin ciwon kaina ba.

Ana cikin haka ƙafafuna suka fara kumbura. Zobe ya ƙi fita daga yatsana. In na kwanta sai numfashi ya tsaya min a wuya, dole in tashi zaune, tari ya biyo baya. Da na nuna mata ta danna ƙafar da yatsa, wurin ya lotsa bai dawo ba. Na ga tsoro ƙarara a fuskarta.

"Sanyi ne," ta ce. "Ya same ni, ba zai same ki ba."

Ta ƙara itace a murhu, ta ƙara kanwa a kunu. Ni kuma tsoro ya kama ni sosai, na mutuwa, da na barin jaririya a hannun tsohuwa. Amma ta yaya zan ce wa matar da ta rufe sana'arta saboda ni ta sauke tukunya? Na yi ta shan kunun ina hawaye, ita tana cewa yajin ne.

Mijina ne ya dawo daga tafiya ya gan ni. Bai taɓa haɗa ido da Inna ba saboda kunyar surukuta, amma ran nan ya tsaya bayan zana ya ce, "Inna, a gafarce ni, lopital zan kai ta yanzu." Ta goya jaririyar ta biyo mu asibitin.

Likitan ya ɗora abin saurarensa a ƙirjina ya daɗe. Ya tambaye ni da Faransanci abin da nake ci da yadda nake kwana, na faɗa masa. Ya ce zuciyata ce ta gaji, ruwa ya taru a jikina. Ya ce zafin wankan da gadon wuta da kanwar su ne suka ɗora mata nauyin da ba za ta iya ba, in an ci gaba ba zan ga arba'in ɗin ba. Inna tana tsaye a gefen gado tana kallon bakinsa. Mijina ya fita neman magani, babu mai jin Hausa a ɗakin sai ni.

"Me ya ce?"

Na so in ce zazzaɓi ne. Amma na san ta. In na ce haka, ranar da aka sallame ni zan tarar da ruwa a kan wuta.

"Ya ce ruwan zafin ne, Inna. Da kanwar."

"Bai isa ba?"

"Ya yi yawa. Shi ne yake neman kashe ni."

Ta kalli likitan, ta kalle ni, ta gyara goyonta. Ba ta yi musu ba, kuma wannan ya fi komai yi min ciwo, don Inna ba ta taɓa barin magana ta faɗi ƙasa ba.

Na daɗe a asibiti, har Sallah ta wuce. Daga baya na ji cewa ta je mahauta da tunkuza, sarkin fawa ya karɓe ta da mutunci, ya ce sun riga sun yi alkawari da mai inji. Ba ta roƙe shi ba. Ta koma ɗaukar faranti a ka, tana bin tashar motocin Ngawundare tana tallar ƙuli a tsakanin 'yan matan da ta isa ta yi jika da su. Haka ta yi har ƙafa ta gaza.

Ranar da na dawo gida daga asibiti na tarar da rabin itacen yana nan jingine. Na zauna a tabarma, jikina kamar tsumma. Can sai ga ta da ɗan kwano, ta durƙusa a gabana, ta tsoma gwiwar hannunta a ruwan kamar yadda ake gwada na jariri.

"Wannan fa? Ɗumi ne kawai."

Na ce ba komai. Ta jiƙa tsumma ta fara goge min ƙafa a hankali. Ba ta ɗago kai ba ta kira sunana, sunana na yanka, wanda ban taɓa ji a bakinta ba.

"To me zan yi miki yanzu?" ta ce. "Ni shi kaɗai na tanada."

Na miƙa mata jaririyar, ta karɓa da jiƙaƙƙen hannu.