Makonnin Da Na Yi Ban San An Rage Mini Ciki Ba

Shekarun baya, tun Turawa ba su tafi ba, ni dillalin shanu ne a Jos, ina zaune a Anguwan Rogo da mahaifiyata da matata. A lokacin ƙato ne ni na gaske. In na shiga kara, kasuwar shanu ke nan, tumbina ke fara yin sallama kafin ni. Kuma ƙibar tana yi mini aiki, don Fulani suna cewa dillalin da ya ƙoshi ba ya cin amana.

Abin da mutane ba su sani ba, gyambon ciki ya daɗe yana cina. Ranar da na yi aman jini a bakin kara aka ɗauke ni a bayan wata babbar mota zuwa wani asibitin mishan da ke wajen Vom. Baturen likita ya dudduba ni, ya yi dogon bayani da Turanci, tafinta ya taƙaita mini shi a kalmomi kaɗan.

"Ya ce za a yanke wurin da ya lalace. Kuma za ka rame, ramar ma alheri ce gare ka."

Na ce to. Ni dai abin da na fahimta, za a cire ciwo kamar yadda ake cire ƙaya. Zancen rama kuwa na ɗauka ba'ar Bature ce, don ban taɓa jin inda rama ta zama alheri ba.

Aka yi aiki. Na kwana goma sha wani abu ana ba ni ruwa-ruwa a cokali, aka cire zare, aka sallame ni. Ranar sallama an yi mini wani bayanin, amma hankalina yana gida, kai kawai nake gyaɗawa.

A gida ne rikicin ya fara. Ciwon ba iri ɗaya ba ne. Akwai na wurin ɗinkin, wanda in na yi tari sai in ji kamar an soka mini wuƙa, ga shi damina ce, sanyin Jos ya sa mini tari. Akwai kuma wani da ban san sunansa ba. Haka kawai ciki zai murɗe, zufa ta karyo, zuciya ta riƙa dukan uku-uku, ɗaki ya juya. Wani lokacin kuma sai in ji wani rami a ƙirjina, in rasa yunwa ce ko ciwo ne. In na ci, in sha wuya. In na ƙi ci, in sha wuya.

Mahaifiyata ba ta da shakka a kan maganin. Ta kalli wuyana da ya fara fitowa, ta ce, "Turawan nan sun horar mini da kai da yunwa. Jikin da aka yanka abinci ke ɗinke shi." Da safe fura da nono cike da ƙwarya, an zuba sukari. Da rana malmala biyu da man shanu. Tana zaune a gabana har sai na cinye.

"Inna, na ƙoshi."

"Loma huɗu? Kai da kake tashi da akushi? Ci, kada maƙiya su ji daɗi."

Sai in ci. Kafin a kwashe kwanuka ina kwance ina murƙususu.

Masu zuwa dubiya kowa da nasa. Abokina da muke dillanci tare ya rantse mini cewa almakashi aka manta a ciki, wai ya taɓa jin an yi wa wani haka. Har ya kara kunnensa a cikina ya ce in motsa. Wani maƙwabcinmu ya ce sammu ne daga abokan sana'a, ya kawo rubutu da wani jiƙo mai ɗaci. Ni kuwa duk wanda ya yi magana sai in ga kamar shi ne mai gaskiya. Da safe in yarda da almakashi, da yamma in koma sammu. Akwai ranar da na zauna ina lissafa waɗanda na taɓa ɓata wa rai a kara, na kai mutum tara, na ga abin ba zai ƙare ba na bari.

Matata ce kaɗai ta faɗi wani abu dabam, a hankali, don kada Inna ta ji.

"Maigida, na lura ranar da ka sha koko rabin kofi ba ka yi wannan zufar ba."

Na ce, "Ke ma so kike in ƙare?" Ba ta sake tayar da zancen ba. Har yau in na tuna ina jin kunya.

A mako na biyar aka yi sunan ɗan abokin nan nawa. Na sa babbar riga, ta zame mini kamar ta aro, na tafi don a ga ina nan da raina. Ina shiga na ji wani yana raɗa wa na kusa da shi, "Wannan ba dillalin nan ba ne? Allah sarki." Maganar ta soke ni. Da aka kawo waina da miya da naman suna, na zage na ci irin cin da aka san ni da shi, na kora da kunun zaƙi. Ban kai ƙofar zaure ba na faɗi.

Washegari aka mayar da ni Vom, Inna ta ce ƙafarta ƙafata, sai ta ga wanda ya lalata mata ɗa. Baturen yana ɗakin fiɗa, sai wani malamin asibiti Bayarabe, dattijo, ya karɓe mu. Ya duba ɗinkin ya ce lafiya lau. Na ce to a duba almakashi. Ya yi dariya har da riƙe tebur. Sannan ya yi mini tambayar da duk makonnin nan ba wanda ya yi mini, ni ma ban yi wa kaina ba.

"Oga, shi ciwon, wane lokaci yana zuwa?"

Na tsaya tunani. Na ce bayan na ci abinci.

"Me ka ci?"

Inna ta karɓe, ta jero masa fura da tuwo da man shanu, tana jiran a yaba mata. Mutumin ya dafe kai. Ya ɗauko wani ƙaramin kofin shayi ya ajiye a gabanmu, ya dubi Inna da irin Hausarsa.

"Mama, ka ga wannan? Tumbin yaronka yanzu haka ne. An yanke fiye da rabi. Kai kana zuba masa ƙwarya guda, ina zai shiga?"

Na ce, "Wai cikin nawa aka yanke? Ba ciwon ba?"

"Ciwon a jikin tumbi yake. Kai ba mai shanu ba ne? Za ka cire ruɓa ka bar nama?"

Inna ta daɗe tana kallon kofin. Can ta ce, "To ina ragowar?"

"An binne, Mama."

Ta ce, "Inna lillahi. An binne rabin ɗana ban sani ba." Ta ja gyale ta rufe fuska. Ni kuma na rasa dariya zan yi ko kuka.

Malamin ya ce in ci kaɗan-kaɗan sau shida a yini, in tauna sosai, in bar sukari da nono tukuna, kada in sha ruwa a kan abinci, in na gama in kishingiɗa. Tari kuma in rungume matashin kai a kan ɗinkin. Muka kamo hanya. Da muka isa gida Inna ta kira matata, ta ce, "'Yar nan, daga yau ke za ki riƙa auna masa. Ni hannuna bai iya kaɗan ba."

Ciwon bai tafi rana ɗaya ba. Na ɗinki ya bi sanyi ya tafi. Na bayan cin abinci ya riƙa ja da baya, sai in na yi ganganci ya dawo ya tuna mini. Ramin nan na ƙirji kuwa har yau yakan zo, kuma har yau ban iya rantsuwa ko yunwa ce.

Abin da na koya ba shi da yawa. In mutum ya ce mini yana ciwo, ba na fara ba shi labarin wanda na sani mai irinsa. Nakan tambaye shi yaushe yake zuwa, me ya yi kafin ya zo. Kuma in likita yana bayani, na daina gyaɗa kai sai na gane.

Da na koma kara bayan wata uku, wani Bafulatani da ya saba kawo mini shanu daga wajen Titin Bauchi ya tsaya a gabana, ya yi sallama, ya ce yana neman dillalin nan mai ƙiba. Na ce ni ne. Ya dube ni sama da ƙasa, ya girgiza kai, ya ce a'a, wancan mutumin kirki ne, ina yake?

Na ce, "Yana nan, amma ba duka ba."