Bencunan Aro da Wandon Bature

Ko da tsufa zai kwashe mini duk abin da na sani, ranar da na yi wa bencuna goma rakiya a cikin jirgin ruwa ba za ta fita daga kaina ba. Zamanin Turawa ne, ina koyarwa a wata elementare ta ƙauye kusa da Birnin Kebbi. An ɗauke ni gwajin shekara ɗaya, sai ga ni a ta uku ba takardar tabbatarwa, ko yaushe ana iya cewa in kama gabana. Duk sanda na tayar da maganar, hedimasta sai ya ce, "Ka bari Baturen makaranta shi zo, shi ka sa hannu."

Makarantarmu ba ta da benci ko ɗaya, a ƙasa yara ke zama. Amma hedimasta mutum ne mai tsoron a ce ya gaza. Yana da aboki da ke riƙe da wata makaranta can wajen Argungu, su suna da bencuna, mu muna da allon bango da taswira. In Bature zai zagayo duba makarantu sai a yi aron juna. Ya ga kaya a can, ya ga kaya a nan, ya rubuta cewa komai ya wadata. Mu kuma muna ta mamakin yadda hukuma ba ta taɓa aiko mana da ko ƙusa ba.

A daminar nan ni aka tura ɗauko bencunan. Na ce a takardata koyarwa aka rubuta, ban ga dako a ciki ba. Hedimasta ya ce, "Wace takarda? Ai ita muka nema ma." Na haɗiye fushina na tafi.

Bature ya duba makarantar can ran Litinin, zai zo tamu ran Laraba ta hanyar mota. Talata da safe muka loda bencuna a jirgin wani dattijo masunci, muka rufe da tabarmi. Za mu tura ke nan sai ga Bature da masinjansa a bakin gulbi, taɓo har gwiwa. Ashe ruwa ya cinye hanya, motar ta kafe. Masinja ya ce, "Malam, Birnin Kebbi kuka nuhwa? Ku ɗauke mu." Wa ya isa ya ce a'a?

Bature ya zauna a kan tabarma, ya ce wannan jirgi yana da wurin zama mai kyau. Ya tambaye ni kayan mene ne. Na ce, "Itace na, ranka shi daɗe." Ban yi ƙarya duka ba. Muna cikin tafiya jirgi ya taɓa yashi, Bature ya zame, sai muka ji ƙyat, wandonsa ya yage. Ya ɗaga tabarma, ya ƙura wa wata ƙusa ido. Can ya ce da Hausarsa mai gardama, "Na san wannan ƙusa. Jiya ya ci wando na ɗaya." Dattijon nan ya juya mana baya yana tura gora, kafaɗunsa sai rawa suke yi don dariya.

Na ga dai takarda ta riga ta tafi, to me zan ɓoye? Fushin shekara uku ya taso. Na faɗa masa komai, har taswirar da ya yaba jiya na ce tamu ce, gobe ma da ya sake yaba ta ba don ruwa ya jiƙa ta ta tsaya can bushewa ba. Na ce yarana sittin a ƙasa suke rubutu, in an yi ruwa a tsaye. Ya zaro littafi yana rubutu da hannu ɗaya, ɗayan yana riƙe da wando.

Ran Laraba ya ce kada a shigar da benci ko guda. Ya shiga aji ya zauna a ƙasa tare da yara, ya tashi da jar laka a wando na uku. Hedimasta ya yi wata biyu ba ya amsa gaisuwata.

Bayan girbin shinkafa aka aiko da bencuna huɗu, huɗu kacal, ana cewa abin da baitulmali ya iya ke nan. Takardata ma ta zo, tare da canjin wurin aiki zuwa wani ƙauye da makarantarsa gindin tsamiya ce, ba ma maƙwabcin da za a je aro wurinsa. Na yi baƙin ciki ƙwarai, ban ɓoye ba. Amma ranar da zan tafi na leƙa ajina, na ga yara sun cushe a kan bencunan nan suna karɓa-karɓa, kowa yana shafa katako yana murmushi.

Abin da na koya shi ne, mun yi shekaru muna zagin hukuma kan ba ta ba mu, alhali mu muke ɗauko kayan aro muna shaida mata cewa mun ƙoshi. Tun daga ranar, duk mai dubawa da ya zo makarantata, ƙasa nake nuna masa ya zauna.